Entebbe da 'Yan Matan Gidan Mugisha

Jirgin ya yi ta yin ƙasa-ƙasa, ni kuwa duk inda na leƙa ruwa nake gani. Kwale-kwalen masunta a ƙarƙashinmu kamar an watsa ɓawon gyaɗa a faranti. Na kama salati a zuci, domin a ganina saura ƙiris tayoyin su sha ruwa. Can sai ga koren tudu ya ɓullo, ga jar ƙasa, ga kwalta, muka dira. Matar da muka zauna tare tun daga Adis Ababa ta dafa hannuna ta ce haka Entebbe take tarbar kowane baƙo. Garin yana kan wani harshen ƙasa ne da ya kutsa cikin Tafkin Biktoriya, ruwa ta gefe uku, filin jirgin kuma a bakin gaɓa.

Bikin kammala karatun autanmu ne ya kai ni Yuganda. Shekara huɗu ya yi a wata jami'a a Kampala, cikin ɗimbin yaran Arewa da ke karatu a ƙasar. Ciwon gwiwa ya hana Hajiyarmu hawa jirgi, sai aka ce ni zan wakilci gida. Wannan shi ne dalilin da kowa ya sani. Ɗaya dalilin yana cikin jakar hannuna, wani ɗan littafi da bangonsa ya fara koɗewa, Tropical Fish na Doreen Baingana, bugun kamfanin Cassava Republic, wanda na saya a Abuja shekaru da dama da suka wuce. Gajerun labarai takwas ne a ciki, a kan 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, Patti da Rosa da Christine Mugisha, waɗanda suka tashi a garin nan kamar yadda marubuciyar ta tashi a cikinsa. Bakwai daga ciki na karanta su ban san iyaka ba. Ɗaya kuwa sau ɗaya tak na karanta shi, na naɗe kusurwar shafinsa na farko, tun daga ranar nake tsallake shi.

Na nuna katin allurar shawara, aka buga mini hatimi, na fito na tarar da Auta ya ƙara tsawo ya rame.

"Yaya, sannu da hanya. Mota na waje, kafin magariba muna Kampala."

Na ce masa a nan zan kwana, kwana biyu ma.

"Yaya, garin nan fa ba komai sai filin jirgi da gidan namun daji. Sauka ake yi a wuce."

Na ce na sani, ya dai nemo mana masauki kusa da ruwa.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Ni da na saba da hon ɗin adaidaita sahu tun asuba, sai ga ni a gari mai faɗin tituna, manyan itatuwa sun yi musu rumfa, tsofaffin gidajen ma'aikata masu jan rufi kowane da filin ciyawarsa. Borin-tunke na takawa a gefen hanya kamar shi ke da unguwar. A harshen Luganda kalmar entebe kujera take nufi, kuma nan ɗin ce kujerar mulkin Turawan Ingila har zuwa 1962 da ƙasar ta samu 'yanci aka mai da hedikwata Kampala. Fadar shugaban ƙasa tana nan har yanzu a kan tudu. Gari ne na ma'aikatan gwamnati, na likitoci da akawuna, kuma a irin wannan gidan aka haifi Doreen Baingana a 1966.

Duniya ba ta san Entebbe da wannan ba. In ka ambaci sunan, abin da ke zuwa wa mutane shi ne watan Yulin 1976, daren da sojojin Isra'ila suka dira a tsohon filin jirgi suka kwashe fasinjojin da aka yi garkuwa da su. In ka ce Yuganda kuma sai a ce Idi Amin. Doreen tana da shekara biyar ya hau mulki a 1971, tana da sha uku aka kore shi a 1979. Ke nan duk ƙuruciyarta a ƙarƙashinsa ta yi. Da ta ga dama sai ta cika littafinta da tankokin yaƙi da gawarwaki, kuma masu buga littafi a Turai da sun yi maraba. Ba ta yi haka ba. Labarin farko a ɗakin barcin iyaye ya fara. Christine, ƙaramarsu, takan saci jiki ta shiga in ba kowa, ta fito da sarƙoƙi da duwatsun ado da Taata, mahaifinsu, yake kawo wa Maama, mahaifiyarsu, tsaraba daga tafiye-tafiyensa, ta rataya, ta tsaya gaban madubi. Sannu a hankali giya ta ci uban, gidan ya dusashe, uwar ta ɗauki kayan kowa a kanta. Sai bayan yarinyar ta girma ta sake ɗaga duwatsun nan take gane ba masu daraja ba ne kamar yadda idon ƙuruciya ya nuna mata.

Ranar da na fara karanta wannan labarin ajiye littafin na yi na zauna. Na tuna adakar Hajiya da ke ƙarƙashin gado, da ƙamshin kafur da ke tashi in an buɗe ta, da wata sarƙa mai jan dutse da Alhaji ya kawo mata daga Makka. Ni da Yaya Babba mukan jira a tafi unguwa, ita ta saka, ni in riƙe mata madubi. Ban taɓa tsammanin wannan abin rubutawa ba ne. A lokacin na ɗauka labari sai an sa attajiri da mota da kishiya mai asiri. Wannan matar ce ta nuna mini cewa ana iya ganin rushewar ƙasa ɗungurungum ta cikin akwatin sarƙar uwa. Mulkin soja yana nan a littafin, amma a bayan fage yake, kamar yadda yaro ke jin sa: abu ya ɓace a kanti, manya sun rage murya. Bayan Amin ya kori 'yan Asiya a 1972 sukari da sabulu da gishiri sun zama sai a kasuwar bayan fage, wadda suke kira magendo, kuma tsofaffin garin har yau da wannan suke fara ba ka labarin zamanin.

Washegari da safe muka shiga lambun itatuwa da aka kafa tun 1898. Yana gangarawa har bakin ruwa. Akwai itatuwan da mutum huɗu ba za su rungume gindinsu ba, da birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da jela, suna tsalle can sama ba ruwansu da kowa. Na tsaya a gaɓa ina duban ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Su Nalubaale suke ce masa. Shi ne tafki mafi girma a Afirka, Yuganda da Kenya da Tanzaniya duk suna sha daga gare shi. Auta ya hana ni tsoma ƙafa, ya ce akwai tsargiya.

Da rana muka gangara Nakiwogo, inda jirgin ruwan tsibiran Ssese yake tashi. Ƙarnin kifi, hayaƙin gawayi, mata na shanya wasu mitsi-mitsin kifaye masu ƙyalli da suke kira mukene. Wani masunci ya ɗago wani ƙato da ƙyar, ina ganin kansa na gane shi. Giwan ruwa ne, wanda masuntan Argungu ke alfahari da shi. A nan mputa ake ce masa, kuma baƙo ne. A shekarun 1950 aka zuba shi a tafkin don a samu kifin kasuwa, ya yi ƙiba, ya bi ƙananan kifaye masu launi-launi da tafkin ya shahara da su yana haɗiyewa, har aka ƙiyasta wajen nau'i 200 sun ɓace. Yanzu naman giwan ruwan ake sarewa a sa a ƙanƙara, a loda a jirgi zuwa Turai. Ina tsaye a wurin na sake fahimtar sunan littafin. A labarin da ke ɗauke da sunan, Christine ta zama budurwa, ta faɗa hannun wani Bature da ya girme ta nesa ba kusa ba, sana'arsa fitar da kifin ado zuwa ƙasashen waje. Marubuciyar ba ta tsaya ta ce wa mai karatu ga abin da nake nufi ba. Ta bar ka da kifi a cikin ruwan gilashi da yarinya a cikin gidan mutumin, kai ka haɗa.

Ba zan ɓoye ba, akwai shafukan da ba zan karanta a gaban 'yata ba. Doreen tana kiran abubuwan da mu a rubutunmu sakayawa muke yi, kuma ina ganin sakayawar nan tamu ba gazawa ba ce, fasaha ce mai zaman kanta. Sai dai ban taɓa rufe labarin nan da sha'awar rayuwar Christine ba. Baƙin ciki nake tashi da shi, irin na wanda ya ga ƙanwarsa tana sayar da abu mai tsada a araha. Littattafan wa'azi da yawa ba su kai ni nan ba.

Da daddare wasu ƙananan ƙwarin tafki suka taso kamar hayaƙi suka rufe fitilun masaukin. Mai gidan ta zo ta kashe ta baranda, ta ce ba sa cizo, haske kawai suke bi. Muka zauna a duhu ni da Auta muna cin soyayyiyar karfasa da hannu.

Tsakanin Entebbe da Kampala kilomita 40 ne ko kusa da haka. Ta sabuwar hanyar da aka buɗe a 2018, wadda ake biyan kuɗin bi, kafin ka gyara zama kun iso bakin birni, daga nan kuma sai cunkoso. Hannun hagu suke tuƙi, don haka duk mota ta taho sai in ga kamar kanmu ta yo. 'Yan acaba, waɗanda suke kira boda boda, sun fi ƙudan zuma yawa. Juma'a muka yi a babban masallacin da ke kan tudun Tsohuwar Kampala, wanda Amin ya aza harsashinsa, aikin ya tsaya shekara da shekaru, Gaddafi ya ƙarasa, aka buɗe a 2007. Duk inda na gifta da hijabina sai in ji "Hajjati, Hajjati." Asabar aka yi biki. Auta ya sa riga da hula, aka kira sunansa, na yi guɗa ni kaɗai a cikin mutanen da ba su san guɗar Kano ba, na ɗauki hoto na tura wa Hajiya.

A wurin bikin Allah ya haɗa ni da wata 'yar ajinsu, Musulma 'yar ƙabilar Baganda, siririya mai fara'a. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, don su ma al'adarsu ce, sai na ji kamar a gida nake. Ta hango littafin a jakata ta yi ihu. Ashe ita ma rubutu take taɓawa. Ita ta zama jagorata sauran kwanakin.

Gayaza ta fara kai ni, arewa da Kampala, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba amma ta ci mana fiye da awa. Makarantar 'yan mata ce ta kwana, mishan suka kafa ta a 1905 don 'ya'yan sarakuna, ita ce mafi daɗewa cikin makarantun 'yan mata a ƙasar. Nan Doreen ta yi sakandare, nan kuma ta ajiye Patti a labarinta na yunwa. Ba ranar ziyara ba ce, iyakarmu bakin ƙofa. Na leƙa na ga doguwar hanya da itatuwa da 'yan mata rungume da littattafai. A labarin, Patti 'yar gidan da arziki ya juya wa baya ce a cikin 'ya'yan masu hali. Tuwon masara da wake kullum, shayi ba sukari, ga na kusa da gadonta akwatinta cike. Yunwar ta kai ta ga roƙon abin da bai kai ya kawo ba, aka wulaƙanta ta, ta gudu ta faɗa addini da dukan zuciyarta. Marubuciyar ba ta yi wa imanin yarinyar dariya ba, ba ta kuma ɓoye cewa cikin da ba komai ne ya tura ta ba. Duka biyun ta riƙe.

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san wannan yunwar. Mu gabza ce da miyar kuka tsararo. In wata ya yi nisa, garin kwaki ya ƙare, ƙuli ya ƙare, sai ka ga ana lissafin ƙwayar sukari. Na tuna wata 'yar ɗakinmu da ba a taɓa zuwa mata ziyara ba. Ranar ziyara wanki take tsira, ta yini a bakin famfo don kada a ga idonta. Shekara talatin ke nan, ban manta da bayanta a sunkuye ba. Na gaya wa jagorata wannan a mota, ta ce su ma suna da irinta a ajinsu.

Daga nan sai Makerere. Jami'ar tana kan tudunta, an kafa ta a 1922, kuma babban gininta fari mai shuɗɗan tagogi da hasumiya, wanda gobara ta cinye a Satumban 2020, an sake tayar da shi. A nan aka yi taron marubutan Afirka na 1962 da su Chinua Achebe da Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka halarta, marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o yana ɗalibi a lokacin. Taron na masu rubutu da Ingilishi ne, sunansa kaɗai ya rufe ƙofa ga masu yi da Hausa ko Suwahili, alhali a lokacin an fi shekara ashirin ana karanta Abubakar Imam. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, kuma da na tsaya a harabar sai ya dawo sabo.

Doreen ba adabi ta karanta a Makerere ba. Lauya ce. Na tsaya gaban tsangayar shari'a ina tunanin yadda mace za ta riƙe takardar da kowane gida ke fata, ta ajiye ta, ta bi abin da ba albashi. Ta tafi Amurka, ta yi shekaru tana aiki a Muryar Amurka, gidan rediyon nan da iyayenmu kan kama sashensa na Hausa da asuba a da. Tana wannan aikin tana rubutu, har ta yi digiri na biyu a fannin ƙirƙirar rubutu a Jami'ar Maryland. A 2003 tarin labaranta, tun bai zama littafi ba, ya ci kyautar Grace Paley ta gajerun labarai, wadda ta sa Jami'ar Massachusetts ta buga shi a 2005. Shekara ta zagayo ya ci kyautar Commonwealth ta littafin farko mafi kyau a yankin Afirka. Kyautar Caine kuwa, wadda ta fi kowace suna a fagen gajeren labari a nahiyar, sau uku tana kaiwa zagayen ƙarshe: 2004, 2005, sai kuma 2021. Ta 2005 Segun Afolabi ne ya ɗauka, ɗan Najeriya haifaffen Kaduna. Ni tazarar nan ta shekara sha shida tsakanin ta biyu da ta uku ta fi burge ni a kan kofunan. Mutane da yawa sukan yi littafi ɗaya mai kyau su ɓace. Ita tana nan tana gogawa, har ta ɗauki shekaru tana bin tarihin Alice Lakwena, matar da ta ja rundunar masu imani da ruhi daga arewacin ƙasar a 1986 har aka murƙushe su kusa da Jinja a 1987.

Labarai biyu na ƙarshe a littafin na ƙaura ne da dawowa. Christine ta je Los Angeles ta rasa kanta, ta dawo gida ta tarar gidan ma sai ta sake koyon sa. Marubuciyar ita ma ta dawo. Ta yi aikin edita a kamfanin Storymoja a Nairobi, ta shugabanci ƙungiyar marubuta mata ta Yuganda, FEMRITE, daga baya ita da wani suka kafa cibiyar Mawazo a Entebbe don horar da masu rubutu.

Ruwa ya tsare mu a Kamwokya, unguwar da ƙungiyar matan ta daɗe tana da ofis. Muka fake a rumfar wani mai soya ƙwai yana naɗe shi cikin gurasar capati, abin da suke kira rolex, jagorata tana ba ni labari ruwa na dukan kwano. Mary Karooro Okurut ce ta tara matan a 1995, aka ƙaddamar a 1996. Dalilinsu ɗaya: mata na rubutu suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ba mai bugawa. Suka ce to mu buga da kanmu. Duk yammacin Litinin ake zama a karanta aikin mutum a gabansa, a fede shi. Ta ce ranar da aka fara karanta nata kuka ta yi a hanyar gida, mako na zagayowa ta koma da gyara. Daga wannan zauren Monica Arac de Nyeko ta fito ta ci Caine a 2007, Beatrice Lamwaka ta kai zagayen ƙarshe a 2011.

Ina sauraro ina auna mu. Ta wani fannin mun fi su nesa. Mu da harshenmu muke rubutu, kuma muna da masu karatu. Tun zamanin su Hafsatu Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa matan Hausawa ke karanta matan Hausawa, yau kuma yarinya za ta saki babi a WhatsApp da daddare, kafin safiya ya zaga Kano da Maraɗi. Jagorata da na gaya mata haka shiru ta yi, ta ce ita kakarta ba za ta iya karanta ko layi ɗaya na abin da take rubutawa ba. Abin da suka fi mu shi ne teburin nan na Litinin. Mu yabo muke samu, "Allah ya ƙara basira, a ci gaba," ba mai ce maka shafin nan bai nuna ba, mai da shi wuta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna akwai gwanayen gajeren labari a cikinmu. Amma gasa sau ɗaya ce a shekara, gyara kuwa aikin kowane mako ne.

Daren Lahadi mahaifiyarta ta gayyace mu cin abinci. Gida ne ƙarami a bayan gari, ayaba ta kewaye shi. Aka kawo matoke, ɗanyar ayaba da aka turara a cikin ganyenta aka tuƙe, da miyar gyaɗa. Aka kawo wani kwano kuma, tsohuwar tana kallona ta ga ko zan ƙi. Fara ce. Nsenene suke ce mata, watan Nuwamba ne lokacinta, da fitilu masu ƙarfi da kwanon rufi da durom ake kama ta cikin dare. Tasu koriya ce, ta fi tamu maiƙo, da albasa ake soya ta ba yaji. Na ɗebi cike da hannu. Ta tafa, ta ce wa 'yarta wannan baƙuwar tasu ce.

Bayan an kwashe kwanuka na tashi ina duba hotunan bango. Akwai wani na samari biyu da budurwa, sun yi kwalliya, da alama ranar salla ce. Na tambaya. Tsohuwar ta taso ta sa yatsa a kan kowane, 'yarta na fassara mini. Wannan wana ne, wannan ƙanena, wannan ƙanwata. Silimu ce ta ɗauke su, cikin shekara huɗu. 'Ya'yansu bakwai ni na riƙe. Ta faɗe shi kamar mai faɗin ranar kasuwa, ba rage murya, ba waige. Silimu daga kalmar Ingilishi ta rama aka samo ta, kamar yadda mu muka ce ƙanjamau. Ciwo ɗaya, suna ɗaya, daga abin da ido ya gani.

Ta ce da farko su ma maita suka ce. A yankin Rakai aka fara ganin ciwon a 1982, ana cewa asiri ne 'yan kasuwar ƙetare suka yi. Sai gawa ta yi yawa har ƙarya ta kasa ɗaukar ta. A 1987 Noerine Kaleeba, wadda ciwon ya kashe mijinta, ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar TASO don masu ɗauke da shi su daina ɓuya. A 1989 mawaƙinsu Philly Lutaaya ya tsaya gaban jama'a ya ce yana da shi, ya zaga makarantu da coci da masallatai yana magana, ya rasu a Disambar shekarar. Tsohuwar ta ce tun daga nan ta daina cewa zazzaɓi ne ya kashe 'yan'uwanta.

Ban iya cewa komai ba. Auta ya dube ni ya sunkuyar da kai.

Daren ƙarshe a Entebbe na yi shi, don jirginmu na asuba ne. A hanyar masauki muka wuce cibiyar binciken ƙwayoyin cuta da aka kafa a garin tun 1936. Na yi sallar isha'i, na zauna a bakin gado, na buɗe shafin da na naɗe.

Wasiƙa ce. Rosa, mai dariya da rawar kai, tana kwance ciwon ya cinye ta, take rubuta wa saurayin da suka yi tarayya a ciwon. Tana lissafa abin da jikinta ya zama, fata, gashi, ƙashi. Ba ta roƙi tausayi ba, ba ta kuma yarda a mai da ita izina kawai ba. Tana tuna daɗin da ta ji a duniya, tana ƙin a binne ta tun tana numfashi. Na karanta har ƙarshe a karo na biyu a rayuwata.

Yaya Babba ta rasu a 2003. Hanyarta daban da ta Rosa: aure aka yi mata tana sha bakwai, ba ta san kowa ba sai mijinta, ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Shi ya fara kwantawa, aka ce ciwon hanta. Bayan ta fita takaba ta fara tari. Muka ce taifot, muka ce sammu, aka yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu. Ni na raka ta asibiti ranar da aka ba ta sakamako, ni na ga ta ninke takardar ta cusa a lalitarta. A hanya ta ce, "Kada ki gaya wa Hajiya." Hajiya kuwa ta sani, mu ma mun san ta sani, amma har aka ɗauki gawar ba wanda ya furta. Na tuna an ware mata kofi da cokali. Na tuna awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu, ita da muke fama da shi ya shiga. Sai a 2006 aka fara ba da maganin kyauta a Najeriya. Shekara uku. Ta bar 'ya ɗaya, Allah ya kuɓutar da ita, mu muka riƙe ta, kuma har ta yi aure ta haihu abin da ta sani shi ne taifot.

Na rubuta labarai sun fi arba'in. Na kashe mutane da haɗarin mota, da haihuwa, da ciwon zuciya. Wannan ɗin ban taɓa ba.

Na ɗauki waya na kira Hajiya. Muka gaisa, ta tambayi Auta, ta tambaya ko na samo mata man zafin da ta ce. Sannan na ce, "Hajiya, ina so in rubuta labarin Yaya. Yadda ya faru."

Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke. Hajiya ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba, tana raye ko bayan ranta.

"Yarinyar nan ta sha wuya," ta ce. Ta sake yin shiru. "Ba ni za ki tambaya ba. Ki fara zama da 'yarta, ki gaya mata da bakinki, kada ta tsinta a takarda. In ta yarda, ki rubuta. Ƙarfe nawa jirginku zai sauka?"

Na gaya mata. Ta yi mana addu'a ta kashe.

Ƙwarin tafkin sun sake taruwa a jikin taga. A Entebbe goma ta wuce, a Kano takwas ce da 'yan mintoci, na san yanzu 'yar Yaya ta idar da salla tana yi wa yara shimfiɗa. Na nemo lambarta na rubuta mata cewa jibi in sha Allah ina nan tafe gidanta, ta ajiye mini rana guda.